Ruwan da Ya Zo Ya Same Mu a Karaye

A bara ne wani abokin aikina a Legas ya gayyace ni da iyalina zuwa gasar kamun kifi da kulob ɗinsu na masu jiragen ruwa ke shiryawa. Ranar iyali suke kiranta. Kowa ya zo da matarsa da 'ya'yansa, a shiga jirgi mai inji tun da sanyin safiya, a fita teku, a jefa fatsa, kafin la'asar a dawo a auna abin da kowa ya kamo. Ni da na saba zama gaban kwamfuta daga safe har dare ina rubuta manhaja, ban cika awa guda a kan ruwan ba cikina ya fara juyawa. Uwargida kuwa tun da ƙasa ta ɓace mana ta kama carbi, ba ta sake shi ba sai da muka sauka. 'Yata mai shekara bakwai ce kaɗai ta more tafiyar.

Abubuwa uku na lura da su a ranar. Na farko, babu wanda aka bari ya taka jirgi sai da rigar kariya daga nutsewa, babba da yaro. Na biyu, duk kifin da bai kai wani tsawo ba, a nan take ake zare masa ƙugiya a mayar da shi ruwa. Na uku, da muka dawo gaɓa, wani dattijo ya buɗe ƙaton littafi, ya rubuta sunan kowane jirgi da irin kifin da ya kamo da nauyinsa. Da na leƙa, sai na ga shafukan baya sun yi ja saboda daɗewa.

A hanyar komawa gida yarinyar ta ce, "Abba, a garinmu akwai ruwa mai girma haka?"

Na ce, "Akwai, amma namu babu gishiri."

Ta ce, "To wa ya haƙa shi?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na tarar amsar ta fi ƙarfin hira a cikin mota. Wannan rubutu ƙoƙari ne na biyan bashin waccan tambaya.

Kafin ruwa ya zo

Ni da madatsar ruwan Challawa tsara ne. Ana cikin aikin gininta aka haife ni, shi ya sa na tashi ina ɗaukar ruwan kamar yadda nake ɗaukar dutse ko sararin sama, abin da tun fil'azal yana nan. Sai da na girma na gane cewa mahaifina ya girme shi, kuma kakana ya yi noma a inda yanzu kwalekwale ke wucewa.

Karaye ba garin ruwa ba ne a tarihi. Garin iyaka ne, garin dawaki. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Wambai Giwa, wanda a farkon ƙarni na 17, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, ya bar birni ya zauna a Karaye yana kai wa Katsinawa hari. Ƙarfinsa ya yi yawa har aka ji tsoron zai yi tawaye, aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. Wanda ya dubi taswira zai gane dalili: ƙasar Karaye da Rogo ita ce ƙofar Kano ta yamma, tana kallon Katsina da Zazzau. Har yau ma garuruwan biyu a haɗe suke, domin dokar da aka yi a 2024 ta sanya ƙananan hukumomin Karaye da Rogo ne a ƙarƙashin masarautar Karaye.

Mutanen wannan ƙasa manoma ne da makiyaya da fatake. Kogin Challawa da ya ratsa ta, kafin a datse shi, kogin damina ne. Da Agusta ya cika ya batse, ya raba ƙauye da ƙauye, ya hana cin kasuwa. Da rani kuwa sai ya janye ya bar rairayi fari, a ratsa shi da jaki, mata su tona ƙasa da ƙoƙo su ɗebi ruwa. Abin da ke saura shi ne 'yan wuraren da ruwa ke kwanciya, kuma a nan kifi ke taruwa.

Saboda haka su a wancan zamani yana da lokaci, kamar yadda girbi ke da lokaci. Kakata takan ba mu labarin ranar su. Idan ruwa ya ja baya, manya su tsayar da rana, a sanar da maƙwabtan ƙauyuka. Maza su shiga da homa da koma, masu iya iyo su ɗora ƙirji a kan gora su nufi zurfi. Samari su tare bakin ƙaramin kududdufi su kwalfe shi da ƙwarya har tarwaɗa ta fara birgima cikin taɓo. Mata da yara na gefe da kwanduna. Idan ƙasa ta bushe ƙarau, masu sani su bi tsagar laka su haƙo gaiwa, kifin nan da ke binne kansa ya jira damina. Ba a ba da kofi, ba a ba da kuɗi, amma wanda ya fito da babban kifi sai an shekara ana zancensa. Ashe ranar iyali ba baƙuwarmu ba ce. Sunan ne kawai muka rasa.

Abin da ya fi muhimmanci a labarin shi ne abin da kakata ba ta ɗauka labari ba: kafin wannan rana, ba mai taɓa wurin. Wanda aka kama ya saci jiki ya shiga, ko ya zuba magimfa don kifi ya bugu, ya jawo wa gidansu abin kunya. Hutun da ake ba ruwa shi ne ke haifar da ranar su.

Darasin Matan Fada

A ƙasar Hausa babu inda wannan al'ada ta yi suna kamar Argungu. Kabawa sun gaji su da sarkanci tun kaka da kakanni, amma bikin da duniya ta sani ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ziyarar ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka yi wa baƙo su don girmamawa. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun da duniya ta gada a 2016. Bayan tsaikon kusan shekara goma, an dawo da shi a 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Mai kallo a waya abin da yake gani shi ne dubban mutane suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne watannin da aka shafe ana tsaron wurin, ba a su a cikinsa, ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa da Makwashe. Giwan ruwa ba ya kai kilo 70 a kogin da ake tatsa kullum. Gasar ta awa guda ce ko makamancin haka, amma haƙurin na shekara ne.

Su ma masu kamun kifi don nishaɗi a ƙasashen waje a kan wannan gaɓa suka tsaya, sai dai su da alƙalami suka bi. Tun 1939 aka kafa ƙungiya a Amurka mai ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama da fatsa a duniya. A littafinta akwai giwan ruwa mai nauyin sama da kilo 100 da aka kama a tafkin Nasser na Masar a 2000. Shi ma tafkin Nasser, kamar namu, mutum ne ya yi shi da ya datse kogi.

Yadda aka tare kogi

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka ba Audu Bako riƙonta har 1975. A cikin waɗannan shekaru ne fari mai tsanani ya faɗa wa yankin Sahel, musamman daga 1972 zuwa 1974. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka yi ta kwararowa daga arewa suna neman abinci. Gwamnatin Kano ta ɗauki ra'ayin cewa ruwan da ke wucewa da damina bai kamata a bar shi ya tafi haka nan ba. Aka shiga datse koguna: Bagauda, Tiga, Watari da sauransu. An kammala Tiga a kan kogin Kano a 1974, kuma ita ce ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda tumatir da shinkafa suka canza rayuwar jama'a.

Tunanin datse Challawa ma daga wancan zamani ya fito, amma aikin ya daɗe yana jan ƙafa. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, kamfanin Julius Berger ya gina madatsar tsakanin 1990 da 1992, aka damƙa kulawarta ga Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Tsayin bangon mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8. Idan ta cika tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, wanda ke gangarowa daga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 3,857. Tana da nisan kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Manufar ginin ita ce ruwan sha ga birni da noman rani a can ƙasa. Kifi ba shi ne gaba a lissafin ba.

Waɗannan alƙaluma na iya haddace su cikin minti guda. Abin da ba ya shiga alƙaluma shi ne yadda ruwan ya iso. Kawuna ya ce ba ambaliya ba ce, a hankali ya zo. Yau ka ga ya kai gindin tsamiya, bayan mako ya kai reshe, wata damina ka nemi tsamiyar ka rasa. Fadamu suka tafi, gonakin rake da rogo suka tafi, hanyoyin da ke haɗa dangi tsakanin ɓangaren Karaye da na Rogo suka yanke. Ƙauyuka suka tashi suka koma tudu. Maganar diyya kuwa, kowane gida da irin labarinsa. Ba mu ne farko ba: lokacin da aka kammala Kainji a 1968, mutane kimanin 44,000 aka tayar, tsohon garin Bussa ya nutse. Amma sanin cewa wani ma ya yi asara ba ya dawo wa mutum da kushewar ubansa.

Manomi ya koyi filafili

Ruwa ya zo ya sami mutanen da ba su san kwalekwale ba. Waɗanda suka san shi kuwa ba su yi jinkiri ba. Duk inda sabon tafki ya buɗe a Arewa, masunta na jin labari, domin shekarun farko kifi kan yi yawa: ciyayi da itatuwan da ruwa ya cinye sun zama abinci da mafaka. Sarkawa suka iso daga ƙasar Kabi da Yawuri da Hadeja, wasu daga tafkin Chadi da ke ta ja da baya. Suka zo da kalli da birgi da taru da mamari, suka kafa bukkoki a gaɓa, suka haƙa wuraren banda.

Da farko 'yan gari kallo suka tsaya yi. Ɗan manomi yana ganin su ba sana'ar gidansu ba ce. Amma wanda gonarsa ke ƙarƙashin ruwa ba ya daɗe yana zaɓen sana'a. Samari suka fara da ɗaukar kaya da gyaran raga, suka koyi riƙe filafili, suka koyi gane iska. Yau a Turawa da sauran ƙauyukan gaɓa za ka sami magidanta da aka haifa a gidan garma amma da kifi suka yi aure, da kifi suke biyan kuɗin makaranta. Mata suka shiga suya da banda. Dillalai na zuwa da asuba su loda karfasa da tarwaɗa da ƙurungu su nufi Kano.

Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin ruwan nan alhali ba su taɓa ganinsa ba. Challawa na haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Hadeja, shi kuma ya haɗu da Jama'are su zama Yobe, har tafkin Chadi. A da, ambaliyar damina ce ke cika dausayin Hadeja da Nguru, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa, shanu su sami makiyaya. Da aka datse Tiga da Challawa ambaliyar ta ragu, ruwa ya koma tafiya kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacalla ta samu yadda take so ta toshe hanyoyin ruwa. Masuncin Hadeja ko na Bade da ya ce kifi ya yi masa ƙaranci, wani ɓangare na amsarsa yana kwance a gabanmu a Karaye. Ban san wannan ba sai da na girma. Da kifin rijiya ne ni, ina zaton duniyar ruwa ta ƙare a bangon dam.

Tamu ranar

Da Babbar Sallah muka zo gida, na cika wa yarinya alkawari. Kawu ya yi magana da wani amininsa, tsohon masunci da ya zo garin tun ruwa na sabo. Na taho da rigunan kariya huɗu daga Legas. Da na fito da su samarin gaɓa suka yi ta dariya, wani ya ce, "Yallaɓai, ai iya ruwa fid da kai."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku bar shi ya sa musu. Kun manta Bagwai?"

Kowa ya yi shiru. A ƙarshen Nuwamban 2021 ne jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya ji ƙansu.

Muka shiga kwalekwale biyu. Ni da 'yata da tsohon a ɗaya, kawu da 'ya'yan ƙanwata a ɗayan. Aka yi yarjejeniya: wanda kifinsa ya fi nauyi kafin azahar, ɗaya ɓangaren ne zai sayi tsire da daddare. Tsohon ya nuna wa yarinyar yadda ake soka tana a ƙugiya. Da muka yi nisa ya tsayar da filafili, ya nuna ƙasa da haɓa.

"Ɗana, ka san inda muke?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Kawunka ya ce nan ne fadamar kakanka. Akwai kututture a ƙasa, kullum yana cin mini raga."

Na leƙa ruwan, ban ga komai ba sai fuskata. Na fito da waya na adana wurin a taswira. Shi ne karo na farko da gonar kakana ta samu adireshi.

Mun kama karfasa 'yan ƙanana da ƙurungu guda. Su kawu suka samu tarwaɗa mai ɗan auki, suka cinye mu. Da yarinyar ta ciro wata karfasa da ba ta kai tafin hannunta ba, sai ta ce a mayar da ita kamar yadda aka yi a Legas. Tsohon ya dube ta ya daɗe, sannan ya zare ƙugiyar ya saki kifin.

Ya ce, "Jikata, kin fi manya hankali. Da muka zo ruwan nan, irin wannan ko kallonta ba ma yi. Yanzu har da gidan sauro ake tace ruwa, a kwashe uwa a kwashe 'ya'ya. In ka yi magana a ce kai ka ƙoshi ne."

Na tambaye shi ko kifi ya ragu sosai. Ya ce ya ragu. Na ce da kamar nawa? Ya yi murmushi ya ce, "Wa ya rubuta?"

Wa ya rubuta?

Tambayar nan ta bi ni har Legas. A wajen aikinmu, idan manhaja ta lalace, abu na farko da muke nema shi ne bayanan da ta riƙa ajiyewa kafin ta faɗi. In babu su, sai kame-kame, kowa ya ɗora wa wani laifi. Haka na ji ana yi a gaɓa: ɗan gari ya ce baƙi ne, baƙo ya ce masu taru ne, mai taru ya ce yashi ne ke cike dam, wani ya ce maganin feshi ne da ke gangarowa daga gonaki. Mai yiwuwa kowa na da gaskiya, amma a inda muka sauka ban ga littafi ko ɗaya ba.

Doka kam akwai ta. A 1992, shekarar da aka gama madatsar, Gwamnatin Tarayya ta fitar da dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda ta haramta amfani da guba da nakiya. Sai dai doka a takarda ba ta tsaron ruwa da tsakar dare. Abin da ya tsare Matan Fada shi ne jama'a sun yarda cewa wurin nasu ne, kuma akwai ranar da kowa zai ga amfanin haƙurinsa. Tafkinmu bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ya haɗiye wuraren da kakanninmu ke ba hutu, kuma ya tara mutane daga wurare daban-daban da ba su gaji ƙa'ida ɗaya ba. Al'adar da za ta riƙe ruwa mai wannan girma, mu ne za mu gina ta.

Ba abu mai tsada nake hange ba. Masunta da masu unguwanni da sarakunan ruwa su zaɓi lungu ɗaya ko biyu inda kifi ke ƙwai, a bar su su huta. A tsayar da rana guda a shekara, bayan girbi, a buɗe su. Ƙauyukan Karaye da na Rogo su fito, kowane gida da kwalekwalensa, yara da rigunan kariya. A kawo sikeli, a kawo littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta iri da nauyi da sunan wuri. Ni zan iya rubuta manhajar da za ta adana wannan cikin 'yan kwanaki, amma littafin ne gaba, domin shi ba ya neman caji. A shafin farko kuma a sa dattawa su faɗi sunayen fadamu da ƙauyukan da ke ƙasa, tun masu tunawa suna raye. Bayan shekara goma, in aka ce kifi ya ragu ko ya ƙaru, akwai inda za a buɗe a duba.

In ba a yi ba, ba wai kifi zai ɓace daga tukunya ba ne. Kifin ƙanƙara da ake kamowa a tekunan Turai yana isowa kasuwanninmu cikin kwali, kuma za a ci gaba da sayensa. Abin da za a rasa shi ne sana'ar da mutane suka karɓa a madadin gonakinsu. Wanda ruwa ya ci wa gona bai kamata a bari kifi ma ya kuɓuce masa ba.

Da daddare muka sayi tsiren da aka ci mu. Yarinyar na ci tana gyangyaɗi, sai ta ɗago ta ce, "Abba, kifin da na saka zai girma?"

Kawu ya riga ni amsawa. Ya ce, "In an bar shi."